Yadda zaka zaɓi makirufo mai sauƙin kuɗi don ɗaukar waƙa a ɗakinka

Duk wanda yazo min da tambayar wane maik zai saya don ya fara ɗaukar waƙarsa a gida, kafin in ambaci sunan kowane kamfani sai na fara tambayarsa yaya ɗakin da zai yi aikin a ciki yake. Wasu har haushi suke ji, su dai so suke a faɗa musu suna ɗaya suje su sayo su huta. Wallahi ba jan rai nake ba, abin ne haka yake, makirufon da ya fitar da muryar wani tas a ɗakinsa shi ne zai iya ɓata taka a naka ɗakin, kuma kuɗin da ka daɗe kana tarawa ne zai tafi a banza.

Nima ta nan na bi. Na farko da na saya irin wanda ake kira kwandensa ne (zan bayyana shi a mataki na 3), mai ruwan zinare yana ta ƙyalli, ga kwandon rataye shi ga soso duk a kwali ɗaya, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Da daddare na haɗa shi na rera baiti biyu na saka hedfon don in ji. Muryata tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya, a samanta akwai wani shuuuu da baya yankewa, ga kaɗawar fanka, ga wata mota da ta wuce a titi wadda ni kaina ban ji wucewarta ba lokacin da nake rerawa. Raina ya ɓaci sosai ranar. Bayan kamar sati biyu wani abokina ya ara min nasa, tsoho ne irin na riƙewa a hannu, kansa ma ya lotsa saboda yawan faɗuwa, na maimaita baitin nan a ɗakin nan dai, sai gashi murya ta fito gaba, a cike, ba shuu ba mota. Tun daga nan na daina zaɓen maik da ido. An ce gani ya kori ji, toh a wannan harkar ji ne yake korar gani.

Mataki na 1: fara sauraron ɗakinka tukuna

Shiga ɗakin ka rufe ƙofa da taga, ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya mutu nan take, ka taki sa'a. In kuwa kaji ya bar wani tarrr yana yawo tsakanin bango da bango, toh ɗakinka yana da amsa-kuwwa, kuma yawanci ɗakin da yake fili ne, bango tsirara, ƙasa tayil ko siminti, ba labule ba katifa, shi yake haka.

Daga nan ka ɗauki wayarka ka kunna rikoda ka ajiye ta inda kake tunanin kafa maik, kayi shiru na minti ɗaya cif, kuma kayi hakan a daidai lokacin da zaka riƙa aikin, in da daddare ne da daddare in da rana ne da rana. Sai ka saka abin kunne ka ƙure sauti ka saurara. Zaka sha mamaki. Kunnen mutum yana sabawa da ƙarar da yake ji kullum har ya daina lura da ita, ƙugin firji, fanka, esi, fankar laftof, ababen hawa, muryar mutanen gida, amma makirufo baya sabawa da komai, duk abinda ya iso masa sai ya kwasa. Abinda kaji a minti ɗayan nan shi zai yanke maka rabin hukuncin da ke gabanka.

Mataki na 2: me zaka ɗauka, kuma mutum nawa

Wannan baya buƙatar dogon tunani. Murya ce kaɗai kake ɗorawa akan kiɗan da aka riga aka haɗa a kwamfuta? Toh maik ɗaya ya isheka. Kana rerawa kana kaɗa jita a lokaci guda, ko ku biyu ne zaku riƙa amshi tare? Toh ko yanzu ko gaba zaka so na biyu, ka riƙe wannan a ranka don zai dawo a mataki na 4. Ganga ce ko wani abu mai bugu da ƙarfi? Shima yana da irin nasa.

Mataki na 3: dainamik ko kwandensa

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari in tsaya sosai.

Dainamik shi ne irin wanda kake gani a hannun mawaƙa akan dandamali. A cikinsa akwai siririyar fata, an manna mata nannaɗaɗɗiyar waya wadda ke zaune a tsakiyar maganaɗisu. In muryarka ta bugi fatar sai wayar ta motsa, motsin nan shi yake haifar da ɗan ƙaramin lantarki, shi ne sautin. Baya buƙatar a bashi wuta daga ko'ina. Saboda wayar tana da ɗan nauyi baya saurin kama ƙananan sautuka na nesa da sirara-siraran nan na sama, amma yana da juriya, ya faɗi ka ɗauka ka ci gaba, zafi da danshi basu cika damunsa ba.

Kwandensa kuma fatarsa ta fi gashin kai siranta, tana gab da wani faranti na ƙarfe, ba waya ba maganaɗisu, shi yasa ko numfashi kayi sai ta motsa. Wannan ne yasa yake fitar da murya garau da duk ƙawarta, iskar da ke cikin murya, karyewarta, motsin yatsa akan tsirkiyar jita. Amma dole sai an bashi wuta, ita ce ake kira fantom fawa, volt 48 da ke biyowa ta cikin kebul ɗin, zaka ga maɓallinta a jikin sawunkad, wato ɗan akwatin da ke haɗa maik da kwamfuta, an rubuta 48V. In baka danna shi ba ko ihu kayi shiru zaka ji, kuma mutane da yawa sun mayar da lafiyayyen maik wai ya lalace alhali maɓallin nan ne kawai basu danna ba.

Don kaga tazarar da ke tsakaninsu, Shure SM58 wanda dainamik ne yana fitar da lantarki kamar milivolt 2 a ƙarfin sautin da ake gwada makirufo dashi, Audio-Technica AT2020 wanda kwandensa ne yana fitar da kamar 14 a wannan ƙarfin dai. Ninki bakwai kenan.

Yanzu ga abinda ba a cika bayyanawa sabon shiga ba. Dalilin da yasa dainamik yake rage hayaniyar ɗaki ba wani siddabaru bane, mafi yawansa kusanci ne. Dainamik ana rera masa ne baki gab dashi, santimita 3 zuwa 8, kwandensa kuwa ana ja baya kamar santimita 15 zuwa 20. Ƙa'idar sauti ita ce duk lokacin da ka rage tazararka da rabi muryarka na ƙaruwa a cikin maik da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ita kuwa fankar da ke can gefe tana nan yadda take bata ƙaru ba. Kaga in ka matso daga santimita 20 zuwa 5 ka ɗaga muryarka sama da hayaniyar ɗakin da kusan desibel 12 ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka haɗa wannan da cewa dainamik baya kwasar sirara-siraran sauti sosai, sai kaga amsa-kuwwar ɗakin ta ja baya.

Don haka hukuncina a fili yake: in gwajin mataki na 1 ya nuna maka ɗaki mai hayaniya ko mai amsa-kuwwa, kuma baka da halin gyara shi yanzu, sayi dainamik, karka ji kunyar cewa bai yi kama da na situdiyo a hoto ba. In ɗakinka shiru ne, akwai katifa da labule masu kauri da kafet da kaya a wadrob, kuma muryarka mai taushi ce ko jita kake kaɗawa, toh kwandensa zai baka abinda dainamik bazai baka ba.

Mataki na 4: USB ko XLR

Makirufon USB kai tsaye kake soka shi a kwamfuta, wasu ma har a waya, domin abin ƙara ƙarfin sautin da abin juya shi zuwa lissafin kwamfuta duk suna cikin cikinsa. Sauƙi kam akwai shi, kuma in ka haɗa lissafi ya fi araha tunda baka buƙatar sawunkad. Matsalarsa ita ce abinda ka saya shi kenan, baka iya canja wani sashe ka bar wani, kuma haɗa guda biyu a kwamfuta ɗaya su yi aiki lokaci guda wahala ce babba musamman a Windows. In ka zaɓi USB ka tabbata akwai ramin saka hedfon a jikin maik ɗin kansa, don ta nan ne zaka ji muryarka nan take, in babu sai ka riƙa jin kanka a makare kamar wani yana maimaita maka magana, kuma ba mai iya rera waƙa daidai a haka.

XLR shi ne mai haƙora uku a gindi. Shi sai ya bi ta sawunkad, wanda wasu ke kira intafes, sannan ya shiga kwamfuta. Kashe kuɗin farko ya fi yawa, amma nan ne hanyar wanda yake son harkar ta ɗore, yau ka sayi dainamik, baɗi ka ƙara kwandensa sawunkad ɗin yana nan, ko ka canja sawunkad maik yana nan. Kebul ɗin XLR kuma an yi shi ne yadda zai kashe ƙugin lantarki da yake tsinta a hanya, shi yasa ko ya yi tsawo sautin yake zuwa a tsaftace.

Akwai kuma 'yan tsakiya masu ramuka biyun duka, irin Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x, dukansu dainamik ne, ka fara da USB yau, ranar da ka samu sawunkad ka koma XLR da maik ɗin nan dai. Ga wanda aljihunsa yake a matse ƙwarai ni wannan nake fara nuna masa.

Abin da zan ce ka guje masa shi ne kwandensar da ta zo da kebul mai XLR a gefe ɗaya da ɗan siririn fulogi irin na abin kunne a ɗaya gefen, wai ka soka a ramin maik na laftof. Ramin nan 'yar wutar da yake bayarwa kaɗan ce kuma kayan sautin cikin laftof ba don waƙa aka yi su ba, daga nan shuu ɗin da na baku labari ya fito.

Mataki na 5: karanta abinda aka rubuta a kwali

Ba duka lambobin ne suke da amfani gareka ba, guda huɗu ne.

Na ɗaya ta wane ɓangare yake ji. Nemi wanda aka ce kadiyoid ne, zanensa kamar zuciya, yana ji sosai ta gaba, kaɗan ta gefe, ta baya kuma kusan kurma ne. Wannan shi ne na ɗakin gida, don zaka iya juya bayansa ga taga ko kwamfuta. Mai ji ta ko'ina wato omni zai kwaso maka ɗakin gaba ɗaya, karka biya ƙarin kuɗi don an ce maik yana da salo uku ko huɗu alhali ɗaya zaka yi amfani dashi.

Na biyu shuu ɗin da maik ɗin yake yi da kansa ko ba a magana, wannan na kwandensa ne, ana rubuta shi da dBA, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. AT2020 yana da 20, AT2035 yana da 12, Rode NT1-A yana da 5. In kana rerawa da ƙarfi akan kiɗa 20 bazai dame ka ba ko kaɗan, amma in salonka na raɗa ne mai sanyi kuma ba kiɗa mai yawa da zai rufe, zaka so ƙasa da 15. Wanda kuma ba a rubuta lambar ba kwata-kwata, ka sa masa alamar tambaya.

Na uku iyakar ƙarar da yake ɗauka kafin ya fara fashewa. Duk wanda ya haura desibel 130 ya ishi murya komai ƙarfinta, AT2020 ma 144 ne. Masu ganga ne kawai ya kamata su damu da wannan, su kuma dainamik ya raba musu gardama.

Na huɗu faɗin sautin da yake kamawa. Ana auna shi da Hz, ƙaramar lamba sauti mai kauri, babbar lamba siririn sauti. Kunnen ɗan Adam yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000, shi yasa kusan kowane kwali zaka ga an buga 20 zuwa 20,000 don ya burge. Karka ruɗu da wannan. SM58 daga 50 zuwa 15,000 yake tsayawa amma tun 1966 ake rera waƙa dashi har yau ba a ajiye shi ba. Abinda ya fi lambar muhimmanci shi ne inda maik ɗin ya ɗaga sauti da inda ya sauke, kwandensa masu araha da yawa suna ɗaga wajen 5,000 zuwa 10,000 don ya ji kamar yana da haske, in kuma muryarka dama siririya ce sai kaga duk s da sh da ts suna sukan kunne. Mai murya siririya mai kaifi ya nemi maik mai ɗan duhu, mai murya mai kauri ya nemi mai ɗan haske.

Mataki na 6: karka zuba duka kuɗin a maik

Kuskuren da na fi gani kenan. Mutum ya haɗa duk abinda yake dashi ya sayi maik mai suna, ya dawo gida ba sandar kafa shi ba kebul ba hedfon, sai ya riƙe kwandensa a hannu yana rerawa duk motsin yatsunsa yana shiga. Kafin ka biya ka rubuta duk abinda ake buƙata: maik, sawunkad in XLR ne, kebul, sanda, fof filta wato ragar nan da ake sawa tsakanin baki da maik, da hedfon mai rufaffen baya. Rufaffe nace fa, domin mai buɗaɗɗen baya kiɗan da kake ji zai zubo ya shiga maik ya haɗe da muryarka kuma cire shi wahala ce. Ni shawarata maik kada ya cinye fiye da rabin abinda ka ware.

Ka kuma lura da wani tarko, akwai dainamik masu tsada irin Shure SM7B da ake yawan gani a bidiyo, yana da kyau ba musu, amma yana buƙatar a ƙara masa ƙarfi har wajen desibel 60, ƙaramin sawunkad mai araha kuwa in ka ƙure shi haka shi kansa sai ya fara shuu. Ka saya ka ga sai ka sake sayen wani abu kafin ya yi aiki.

Manhajar ɗaukar sauti kam bata cin kuɗi a farko, Audacity kyauta ne, BandLab ma haka.

Mataki na 7: sunayen da zaka fara dubawa

A dainamik, mafi sauƙin kuɗi da zan iya tsaya masa shi ne Behringer XM8500, yana aiki fiye da kuɗinsa. In ka ɗan ƙara akwai Sennheiser e835 da shi SM58 ɗin. Akwai yayansa SM57 da ya fito a 1965, cikinsu kusan ɗaya ne kai ne ya bambanta, 58 yana da dunƙulallen kai mai soso a ciki don murya, 57 kuma kansa ƙarami ne ya fi shiga kusa da ganga ko sifikar jita. In maik ɗaya tal zaka mallaka kuma kana ɗaukar murya da kayan kiɗa duka, 57 da fof filta a gabansa zai yi maka komai.

A kwandensa AT2020 shi ne ƙofar shiga ta mutane da yawa. AT2035 ya ɗara shi da rashin hayaniya, kuma yana zuwa da kwandon rataya da maɓallin yanke ƙugin ƙasa daga Hz 80. Rode NT1 da NT1-A sun fi su tsada amma shirunsu ya kai.

Sawunkad kuma akwai Behringer UMC22, M-Audio M-Track Solo, da Focusrite Scarlett Solo, duk ramin maik ɗaya ne dasu kuma suna bada 48V. In ka amsa a mataki na 2 cewa maik biyu zaka buƙata, ka tsallake waɗannan ka nemi mai ramin XLR biyu tun yanzu, irin Scarlett 2i2 ko UMC202HD.

Ba wai waɗannan ne kaɗai masu kyau ba, su ne dai waɗanda suka daɗe a hannun mutane har aka san halinsu.

Mataki na 8: jabu da na hannu

Sanannun makirufo, musamman SM58 da SM57, ana buga jabunsu sosai, har kwali da jaka da takardu. In kaga sabo ana sayar dashi rabin kuɗin da aka san shi dashi, toh araha bata ado, ka ajiye. SM58 na gaskiya nauyinsa giram 298 ne, jabu sau da yawa ya fi shi sauƙi a hannu. Ka saya inda za a yarda ka dawo dashi in bai yi ba.

Na hannu kuwa, a dainamik bana tsoronsa ko kaɗan, lotsewar kai ba komai bace ana ma sayar da kan daban. A kwandensa ne nake taka-tsantsan don danshi da ƙura suna cin fatarsa. Ko wanne ne dai karka biya sai an haɗa shi ka saka hedfon. Kayi magana a hankali sannan da ƙarfi kaji ko yana karkarwa. Ka girgiza shi kaɗan kaji ko wani abu yana kwarkwasa a ciki. Ka motsa kebul a gindinsa kaji ko sauti yana yankewa. In kwandensa ne ka huro masa ɗumin numfashi a hankali daga ɗan nesa, haaa kamar mai goge madubi, ba busawa ba, in sautin ya ɗauke ko ya fara tartsatsi na wasu daƙiƙu toh fatar ta yi datti, bar shi.

Sannan ka gwada shi da kalmomin da zasu tona masa asiri. Sa tafin hannunka gaban bakinka kace faifai, fuffuke, babba, zaka ji iska tana bugun hannun, iskar nan ce take shiga maik ta zama bum. Sai kace tsattsauran sanyi da sassafe, tsuntsu, shasshaka, kaji ko s ɗin yana yanka kunne. Ka rera baitin da ka saba dashi, mai hawa da sauka, ka ɗauka a maik biyu in akwai dama, ka daidaita ƙarfinsu kafin ka kwatanta, don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake ɗauka shi ne mafi daɗi.

Mataki na 9: ranar farko a gida

Kafin ka yanke masa hukunci ka tabbata ka kafa shi daidai. Karka tsaya a tsakiyar ɗaki cif, karka kuma shige kusurwa, kusurwa tana tara ƙugi. Ka rataya bargo mai kauri a bayanka, bayanka nace, domin maik ɗin fuskarka yake kallo, duk abinda ya dawo daga bangon da ke bayanka kai tsaye cikinsa yake faɗawa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango baya tsinana komai, bargo da katifa da wadrob mai cike da kaya a buɗe sun fi shi nesa ba kusa ba. Kashe fanka na mintunan da zaka rera, ka juya bayan maik ga laftof.

Irin su AT2020 da NT1 ta gefe ake rera musu ba ta saman kai ba, kuma gefe ɗaya ne gaba, a AT2020 shi ne wanda tambarin kamfani yake kallonka. Na taɓa ganin wanda ya yi wata guda yana rerawa ta bayan maik yana kukan sautinsa a toshe yake. Dainamik na hannu kuwa ta kai ake rera masa, kuma kada ka dunƙule kan da hannunka, ramukan da ke wajen su suke sa ya ƙi jin baya.

Tsarin haɗawa: sauke maɓallin ƙara wa maik ƙarfi da aka rubuta GAIN a jikin sawunkad ƙasa, soka kebul, sannan ka danna 48V in kwandensa ne, ka jira 'yan daƙiƙu. In zaka cire ka fara kashe 48V ɗin. A manhaja ka saita 24-bit da 44.1 ko 48 kHz. Sai ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar kana murɗa GAIN a hankali har mitar da ke nuna ƙarfin sauti a manhajar ta riƙa kaiwa wajen -12 zuwa -6, kada ta taɓa 0, in ta yi ja sautin ya fashe kuma ɗinke shi daga baya wahala ce. Gara ya yi ƙasa ka ɗaga daga baya.

Tazara a kwandensa kamar buɗaɗɗen tafin hannu ce daga babban yatsa zuwa ƙarami, fof filta a tsakani. Duk maik kadiyoid in ka matso shi yana ƙara wa murya kauri, mai siririyar murya zai ji daɗin wannan, mai kauri kuma ya ɗan ja baya kar ta zama ƙugi. In har yanzu bum yana shiga ka karkatar da maik ɗin kaɗan yadda iskar bakinka zata wuce ta gefensa. Jita kuma kada ka saita maik a ramin tsakiya, ka nufi inda wuyan ya haɗu da jiki daga kamar santimita 25.

Ka ɗauki baiti ɗaya sau uku a wurare uku na ɗakin, ka saurara washegari da kunnen da ya huta, a hedfon da sifikar waya duka. In ka gama aiki kwandensa ka mayar dashi jakarsa tare da 'yar ƙunshin nan mai shanye danshi da take zuwa a kwali, ko aƙalla ka lulluɓe shi da ƙyalle mai tsafta akan sandarsa, kebul kuma ka naɗe shi a sake ba a gwiwar hannu ba don ta nan wayar ciki take tsinkewa.